Tarihin Tsarin Ƙasa a Maraɗi da Abin da Ya Shafi Garinmu

 

A taron ƙungiya na bayan girbi an daɗe ana magana bisa turakun siminti da anka fara gani cikin gonakin garuruwan da ke tsakaninmu da birni. Wasu sun ce alheri ne ya zo, fili zai yi kuɗi. Wasu sun ce gona ce za ta tafi. Wani dattijo ya yi tambaya, ya ce wai shin wa ke da ikon cewa nan gida, nan gona, nan hanya, nan kasuwa? Ranar nan bai samu amsa mai gamsarwa ba. Shi ya sa anka ɗora mamu nauyin mu bi tarihin abin, mu rubuto shi cikin wannan takarda. Waiwaye adon tafiya ne. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Zamanin ganuwa

Bayan da masu jihadi sunka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Katsina ya yo arewa, har Sarki Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma sunka kafa Tsibiri a 1836, bayan yaƙin Gawakuke. Garuruwan nan biyu duk a bakin Gulbi anka kafa su, kuma da dalili. Lokacin nan kwarin Gulbi kurmi ne mai duhu, doki ba ya ratsa shi da sauƙi, ga ruwa kusa, ga fadama mai ba da abinci. Tsoron yaƙi ne ya tsara zaman mutane: gida cikin ganuwa, gona kusa da ƙofa, yadda in an ji kuwwa za a iya komowa kafin mahara su iso.

Ƙasa kuwa tana da dokarta ko da ba a rubuce take ba. Wanda ya fara sassabe shi ke da gona, ɗiyansa su gada. Baƙo ya zo, maigari ya ba shi aro. Akwai gandu na gida duka, akwai gamana ta mata da samari. Akwai burtali da mashaya da makiyaya, kowa ya san su, ba mai sa masu garma. Dattawa su ne takardar, kuma ta isa, domin mutane kaɗan ne, daji kuwa ba a ganin ƙarshensa.

Zuwan Nasara da gujiya

Da Faransa da Ingila sunka raba ƙasa, tsakanin 1906 da 1908 anka bi anka kafa alamun iyaka, Katsina ta faɗa kudu, Maraɗi ta faɗa arewa. Yaƙe-yaƙe sunka ƙare, mutane sunka fito daga ganuwa sunka watsu bisa jigawa suna haƙa rijiya suna kafa garuruwa. Garuruwa da yawa na ƙasar nan a wannan lokaci anka sare su, shi ya sa za ku ji sunansu Gidan Wane ko Garin Wane.

Da farko kumandan a Tasawa yake zaune. A 1927 anka maido mazauninsa Maraɗi. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, kuma Maraɗi ce ke bisa hanyar Katsina da Kano. Kamfanonin Turawa sunka buɗe kantuna, sunka kafa sikeli suna awon gujiya. Talaka kuwa dole ya noma ta, domin da kuɗi ake biyan lanho. Hanyoyin mota na farko da aikin tilas anka yi su, kakanninmu sunka ɗauki ƙasa da kwando bisa kai, har 1946 da anka soke aikin tilas. Wanda ya shata hanyoyin nan buhun gujiya yake dubawa, yadda zai fita da sauri. Cikin shekarun 1950 ma Faransa ta karkata wani kashi na gujiyar ƙasar nan, kamyo ya ɗauke ta ta Doso da Gaya zuwa Paraku, jirgin ƙasa ya kai ta Kutonu, ko da yake Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba. Ba a tambayi manomi ba.

Ruwan 1945

A daminar 1945 Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shiga tsohon birni, gidajen ƙasa sunka narke. Hukuma ta ce ba za a sake gini cikin kwari ba, anka tada gari gaba ɗaya anka hau da shi tudu. Nan ne karo na farko da anka zana gari bisa takarda kafin a aza tubali: fadar sarki da filinta, tituna miƙaƙƙu masu faɗi, gidaje kare-kare, wurin kasuwa, wurin ma'aikatu. Unguwannin da sunka hau tudu da sunayensu, irin su Limanci da Bagalam da Ƴandaka da Maradawa da Ɗan Gulbi da Mokoyo.

Mu faɗi gaskiya, tsarin nan ya yi amfani. Faɗin titunan da anka bari a lokacin da motocin garin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, shi ne yau manyan kamyo ke bi. Kwari kuma ya koma ga abin da ya fi dacewa da shi, wato noma da garka. Amma kada mu mance abu biyu. Sai da ruwa ya ci gari kana anka yi tsarin. Kuma tudun da anka hau ba kango ba ne, gonakin hatsin mutane ne. Tun daga ranar nan duk faɗin da birni ya ƙara, gonar wani ce ya hau.

Bayan mulkin kai

Nijar ta samu mulkin kai a 1960. A 1961 gwamnatin Jori Hamani ta yi dokoki biyu da har yau ake ambato. Ta farko ta shata iyakar noma daga arewa, abin da ya wuce ta na makiyaya ne. Ta biyu ta ce hukuma na iya karɓar fili domin amfanin jama'a, amma sai ta biya mai shi diyya. A 1962 anka kafa SONARA ta riƙe cinikin gujiya. A 1964 anka raba ƙasa jihohi 7, Maraɗi ɗaya daga ciki, kowace jiha da gundumominta. Sai dai tsari duka daga Yamai yake fitowa, ya sauko ga shugaban jiha, ya sauko ga shugaban gunduma, ya iso ga sarki da maigari ya zama umurni.

Gujiya ta kai ƙololuwarta cikin shekarun 1960. Saboda ita anka sare daji, anka rage hutun gona, har saura ta fara ɓacewa. Sa'an nan farin 1973 ya zo, ciwon gujiya ya biyo baya a 1975, noman da anka gina arzikin jiha bisa kansa ya durƙushe. Alhazan Maraɗi sunka juya ga fataucin kaya zuwa Nijeriya, abin da sunka fara tun lokacin yaƙin Biyafara. Birni ya ci gaba da cika, ƙauye ya ci gaba da fitar da ɗiyansa.

Ga lissafin ƙidaya domin ku gani da idonku. A 1977 mutanen birnin Maraɗi sun kusa 45,000. A 1988 sun wuce 110,000. A 2001 sun kai 148,000. A 2012 sun kai 267,000. Cikin shekara 35 gari ya ninka kansa sau 6. Kowane magidanci cikin waɗannan yana son kare nasa, kuma daga yamma Gulbi ya tare birni, saboda haka sauran ɓangarorin yake bi, inda gonakin tudu suke. Haka anka samu Sabon Gari da Sabon Kare da Zariya da Ali Ɗan Sofo, kowace unguwa bisa wurin da dā ake yanke hatsi.

A Disamba 1974 Shugaba Seyni Kunce ya yi shela cewa gona ta tabbata ga wanda ke noma ta. Niyyar ita ce a kare talaka. Abin da ya biyo baya a garuruwa da yawa shi ne masu gona sunka ji tsoron ba da aro, wasu sunka karɓe wanda sunka bayar, shari'ar gona ta yawaita gaban sarakuna. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san gidajen da har yau ba su ga maciji tun daga wannan lokaci.

Gulbi da itace

A farkon shekarun 1980 anka gyara fadamar Jiratawa domin noman rani, sama da hekta 500, da famfuna da magudanai, anka raba ma manoma ƙananan filaye. Wannan ya nuna abin da kwari ke iya bayarwa in an kula da shi. Amma Gulbi daga Nijeriya yake fitowa, kuma wajen 1990 anka gina madatsar ruwa a Jibiya. Tun daga nan ruwan da ke malala cikin fadama ya ragu, wuraren da dā ake shuka bayan janyewar ruwa sunka bushe. Mai tsara ƙasar Maraɗi da bai dubi abin da ke faruwa bayan iyaka ba, rabin aikinsa ya yi.

A watan Mayu 1984 anka yi babban taron ƙasa a Maraɗi bisa yaƙi da hamada, kuma shekarar nan ce anka yi fari mai tsanani. An yi ta dashen itace, da yawa sunka mutu. Abin da ya kama ƙasa shi ne sassaben zamani, wanda anka fara gwadawa nan jihar Maraɗi tun 1983: manomi ya bar tohon kututture, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya aske sauran, ya bar gawo da kalgo da sabara su tashi cikin gona. Ba a kashe kuɗi ba, maƙwabci ne ya gani ga maƙwabci. Bayan shekara 20 masu bincike sun ƙiyasta gonakin da sunka farfaɗo ta haka a Maraɗi da Damagaram sun kai hekta miliyan 5. Cikin dukan tsare-tsaren da munka lissafa, wannan ne manomi ya riƙe da hannunsa, kuma shi ne ya fi nisa.

Dokar karkara

Da gona ta ƙare, garma ta shiga burtali. Makiyayi ya taso daga arewa bayan damina ya tarar da hanyar da ubansa ke bi ta zama hatsi. A Oktoba 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Runji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum sama da 100, yawancinsu mata da yara na Fulani. Allah ya jiƙansu, Allah ya kiyaye mu da ganin irin wannan rana.

Ranar 2 ga Maris 1993 anka sa hannu bisa dokar karkara, wadda anka daɗe ana shiryawa. Muna roƙon dattawa su saurari wannan wuri da kyau. Dokar nan ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada, kamar gado, daidai yake a gaban hukuma da haƙƙin da ke rubuce. Ƙarƙashinta kuma anka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira COFO, a gunduma da ƙaramar hukuma da gari. Na gari maigari ne shugabansa, kuma ana sa wakilin manoma da na makiyaya da na mata da na samari. Ta hanyarsa mutum na iya samun takardar shaidar gonar gado, ko ta saye, ko ta kyauta, ko ta aro, ko ta jingina. Burtali da makiyaya da tabki kuwa na jama'a ne, ba mai ikon sayar da su. Daga ƙarshen shekarun 1990 an bi burtula da dama na jihar nan an kafa masu turaku, kuma a 2010 anka ƙara doka ta musamman bisa kiwo.

Sa'an nan anka sauko da mulki kusa. A Yuli 2004 anka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265, kowace anka ce ta rubuta kundin tsarin ci-gabanta na ƴan shekaru: ina za a yi lakkol, ina rijiya, ina hanya, ina kasuwa. Mun san yadda abin ya kasance a wurare da yawa. Ana kiran taro, mutum ƙalilan su je, a rubuta kundi da Faransanci, a sa shi cikin kabad. Wata ƙaramar hukumar kuma, da ta rasa kuɗin shiga, sai ta ga ba abin da ya fi yanka filaye saurin kawo kuɗi. A Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun nan ta naɗa masu riƙo. Masu sa hannu sun sake, amma gonar da ke da takarda tana nan da takardarta.

Hanya da kasuwa

Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni ta wuce Damagaram, da wadda ta fita Maraɗi ta bi Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, su ne jijiyoyin jihar nan. Garin da gudoro ya ratsa, kasuwarsa ta tashi. Wanda ya kauce ma, ko da dā shi ne zangon fatake, ya koma baya. Mun kuma ga yadda kasuwa ke kwana da yunwa in an rufe iyaka, kamar daga 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa 2020, da kuma 2023. A 2010 anka kafa jami'a a Maraɗi. A 2015, domin bukin 18 ga Disamba, anka yi aikin Maraɗi Kwalliya, anka shimfiɗa tituna anka yi gine-gine. A 2021 Nijeriya ta aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka fili yake ci, kuma yana tada kuɗin filin da ke kewaye da shi tun kafin a fara. Masu kuɗin birni sun san haka, shi ya sa suke riga mu jin labari, su zo da jikkuna su sayi gona a kuɗin gona, bayan shekara kaɗan su sayar da ita kare-kare.

Wanda ya sayar ya yi aure ko ya sayi babur, bayan damina biyu ya koma ɗan ƙwadago cikin gonar ubansa, ko ya bi ku ci-rani. Kuma in gona ta matse, gamanar mata ce ke fara tafiya. A kudancin jihar nan akwai garuruwan da mata da yawa ba su da ko taki ɗaya na shuka, alhali kakanninsu mata da rumbunsu sunka mutu.

Abin da ya rage mamu

To, ga amsar tambayar dattijonmu gwargwadon abin da tarihi ya nuna. Dā tsoron yaƙi ne ya ce nan gida nan gona. Bayansa kumandan ya ce, bayansa Yamai ta ce. Tun 1993 doka ta ba mu baki cikin maganar, mu ne ba mu cika amfani da shi ba. Kuma kun ga yawancin gyaran da anka yi, sai bayan ruwa ko fari ko jini anka yi shi. Ba mu ce birni ya daina girma ba, ɗiyanmu ne ke cika shi, kuma mu ma muna son hanya da asibiti da kasuwa mai rumfuna. Abin da muke so shi ne ranar da mai awon fili zai iso da turakunsa, ya tarar mun riga mun san abin da za mu bayar da abin da ba za mu bayar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Domin haka muna kawo shawara 5 gaban ƙungiya, a duba su a taro mai zuwa.

1. Kowane gida ya nemi takardar shaidar gonarsa ta hannun maigari da kwamitin ƙasa, tun dattawan da sunka san iyakoki suna da rai. Aro da jingina ma a rubuta su, ko tsakanin wa da ƙane ne.

2. A fita rana guda, dattawa da samari da maƙwabtanmu Fulani, a bi burtali da mashaya da bakin tabki da ƙafa, a shaida iyakarsu, a nemi hukuma ta kafa masu turaku.

3. A keɓe tun yanzu wurin ƙarin lakkol da maƙabarta da filin idi da kasuwa da tasha, a bar ma hanyoyin cikin gari faɗin da amalanke biyu za su wuce juna. Kada a bari kowa ya yi gini bisa hanyar ruwa ko cikin fadama. Ruwan 1945 ya ishe mu wa'azi.

4. Ƴan ci-rani, kada wanda ya aiko a sayar da rabonsa na gado ta waya. In matsuwa ta kai, a fara tayin dangi, kuma a fitar ma mata da marayu haƙƙinsu kamar yadda addini ya ce kafin a yi maganar ciniki.

5. Duk ranar da ƙaramar hukuma ta kira taron tsari ko na yanka filaye, ƙungiya ta aika mutum biyu, ɗaya mai jin Faransanci, ɗaya dattijo masanin iyakoki, su komo su ba da labari a fili. In hukuma za ta karɓi gona domin amfanin jama'a, doka ta ce da diyya, kuma dokar 1961 ɗin nan an ƙarfafa ta a 2008. A tambaya, a ga takarda kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa.

Mu da ke koyarwa a lakkol mun ɗauki alkawarin taimaka ma duk wanda ke son a karanta mashi takarda ko a rubuta mashi, ba da ko dala ba. Dattijon da ya san wani abu game da yadda anka sari garinmu, da wanda ya haƙa rijiyar farko, da inda tsohon burtali ya bi, muna roƙonsa ya kira mu mu zo mu rubuta, domin ya fito a takarda ta gaba. Inda munka yi kuskure kuma a gyara mamu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya, ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.